Mariƙin ƙaramar bindiga: dacewa da hannu ta fi taushin roba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan wani abu da ake yi wa riƙon sakainar kashi, wato mariƙin ƙaramar bindiga. Maganata ta shafi waɗanda doka ta yarje wa ɗaukar bindiga a ƙarƙashin tufa: jami'an tsaro na farin kaya, masu gadin manyan mutane, da masu lasisi a ƙasashen da suka halatta hakan. Yawancinsu sukan ɓata lokaci wajen zaɓen bindiga da harsashi, amma mariƙi sai a zaɓe shi cikin minti biyu, a matsa shi da hannu, a ji yana da taushi, a ce ya yi. Alhali nan ne kaɗai wurin da mutum da bindiga suke haɗuwa, kuma shi ne ɓangaren da ya fi tona asirin mai ɗauke da ita.

Mu fara da shurin da bindiga ke yi idan an harba. Lissafinsa ba shi da wuya. Harsashin milimita 9 mai nauyin giram 8 da ke fita da gudun kimanin mita 350 a daƙiƙa yana tura bindigar baya da ƙarfi daidai da wanda aka tura shi gaba. Idan bindigar ta kai kilo ɗaya, abin da hannu zai shanye ya kusa jul 4 (jul ma'aunin kuzari ne). Idan rabin kilo ce, da harsashi iri ɗaya, sai ya kusa jul 8, wato ninki biyu, kuma ban saka turin hayaƙin albarushi a lissafin ba. Babu mariƙin da zai rage wannan adadi. Abin da mariƙi yake iya yi uku ne: ya baza bugun a kan faɗin tafin hannu maimakon ya tattara shi wuri ɗaya, ya ɗan tsawaita lokacin da bugun ke shiga hannu, ya kuma hana bindigar motsawa a cikin hannu. Na ukun nan shi ne mafi muhimmanci, kuma shi aka fi mantawa. Yawancin zafin da mutane ke kuka da shi yana zuwa ne daga bindigar da ta sami gurbi tsakaninta da tafin hannu, ta ɗauki gudu kafin ta bugi ƙashi. Wadda ta zauna daram ba ta samun wannan damar.

Shi ya sa kafin a yi zancen roba ko katako, sai a fara auna nisan da ke tsakanin bayan mariƙi da fuskar kunama. A tabbatar bindigar ba kome a cikinta, a cire gidan harsashi, a duba ɗakin harsashi da ido da yatsa, a kuma fitar da harsasai daga ɗakin da ake gwajin gaba ɗaya. Sannan a zaunar da bayan mariƙin a tsakiyar kwarin da ke tsakanin babban yatsa da manuniya, hannu can sama iya yadda ƙirar ta bari, bututun bindigar ya yi layi ɗaya da ƙashin damtse. A haka, ba tare da an juya hannu ba, ya kamata tsokar gaɓar farko ta manuniya ta kwanta a kan kunama, a kuma bar ɗan sarari tsakanin sauran yatsan da jikin bindiga. A libarba, wato bindigar da gidan harsashinta ke juyawa, mai kunama mai nauyi, an fi so yatsan ya shiga har kusa da lanƙwasar gaɓar farko don ya sami ƙarfin ja. Idan sai mutum ya karkata hannunsa zuwa gefe kafin ya kai ga kunama, mariƙin ya yi masa girma. Abin da ke biyo baya shi ne bugun ya bar tsakiyar hannu ya koma gindin babban yatsa, wurin da ƙashi yake kusa da fata, sannan bakin bindiga ya riƙa karkata gefe ɗaya duk lokacin da aka ja kunama. Idan kuma mariƙin ya yi ƙanƙanta, yatsa yakan wuce kunama da yawa, 'yan yatsun hannu su cika wurin da hannu na biyu zai zauna, sai riƙon hannu biyu ya zama na suna kawai.

Kamfanoni sun gane wannan tuntuni. Walther P99 ta fito a 1997 da bayan mariƙi da ake cirewa a sa wani, Glock ta bi sahu a ƙirarta ta huɗu a 2010, Heckler & Koch kuwa a P30 da VP9 har ɓangarorin gefe ake canzawa. Duk mai irin waɗannan bindigogi ya fara gwada abin da ya zo a cikin akwati kafin ya sayi wani abu. Abin takaici, da yawa ba su taɓa cire wanda kamfani ya ɗaura ba.

Ɓoyewa kuma nata ƙa'idar daban. Bututu da jikin bindiga suna shiga cikin wando su bi layin cinya, don haka tsawon bututu bai cika damun kowa ba sai wajen zama. Gindin mariƙi shi ke tsaye a saman bel, yana nuni waje, shi ne ke tokare riga idan an sunkuya ko an juya. Dubi Glock guda uku masu harsashi iri ɗaya: tsayin 17 daga sama zuwa gindin gidan harsashi milimita 139 ne, na 19 milimita 128, na 26 kuma milimita 106. Tsakanin 19 da 26 bambancin milimita 22 ne kawai, kusan faɗin yatsa ɗaya, amma wannan yatsa ɗayan shi ke raba bindigar da ake gani a ƙarƙashin riga mara nauyi da wadda ba a gani. Kuma shi ne dai wurin da ƙaramin yatsa zai zauna. Nan cinikin yake: duk milimitar da aka rage a tsawo don ɓoyewa, an rage ta ne daga wurin da hannu ke danne bakin bindiga kada ya ɗaga, domin ƙasan mariƙi shi ne mafi nisa daga layin bututu, shi ke da ƙarfin tuƙi.

Kauri bai kai tsawo ɓarna ba, amma mutane sun fi tsoronsa. Milimita biyu ko uku na kauri da wuya ido ya gane su a ƙarƙashin tufa, amma hannu yana gane su sarai, domin bayan mariƙi siriri yana shiga tafin hannu ne kamar bakin cokali. A ganina, wanda aka ba zaɓi tsakanin siririn mariƙi dogo da gajere mai ɗan cika hannu, indai ɓoyewa ce damuwarsa, gara ya ɗauki na biyun.

Akwai kuma kusurwa. Ba dukan gindin mariƙi ke fitowa a riga ba, kusurwar baya ta ƙasa ce. Shi ya sa Smith & Wesson ke yin wasu libarbobinta da zagayayyen gindi, shi ya sa kuma maƙerin bindiga Ed Brown ya yi suna da yanke wannan kusurwar a ƙirar bindigar da ake kira 1911. An rage abin da ke tokare riga ba tare da an taɓa gaban mariƙi ba, inda yatsu ke zama. Mai sayen mariƙin libarba ya tabbatar ya san ko tasa mai zagayayyen gindi ce ko mai kusurwa, don ba sa shiga na juna.

Yanzu kayan da ake yin mariƙi da su. Roba mai taushi, irin ta kamfanonin Hogue da Pachmayr, ita ce ta fi daɗi a filin atisaye, kuma ba ƙarya take yi ba: tana shanye kaifin bugu, musamman idan ta rufe ƙarfen bayan mariƙi. Matsalarta tana farawa idan aka sa riga a kanta. Roba tana kama yadi. Mutum ya sunkuya ya miƙe, riga ta maƙale a kan mariƙi ta ƙi saukowa, siffar bindiga ta fito fili shi bai sani ba. Wajen zarowa ma tana iya tahowa da gefen riga. Ga wata matsalar da ba a cika faɗa ba: idan hannu ya sauka a karkace a kan roba mai danƙo, ba ya zamewa ya gyaru, a karkacen zai tsaya. Sannan gumi yana shiga ƙarƙashinta ya kwanta, don haka bindigar ƙarfe da ke manne da jiki kullum sai an riƙa cire mariƙin, aƙalla sau ɗaya a wata a lokacin zafi, a goge a shafa mai kaɗan, in ba haka ba wata rana a cire a tarar da tsatsa ta ci gefen. Wasu magungunan wanke bindiga kuma suna sa roba ta kumbura ko ta yi yauƙi, gara a cire ta kafin wanki.

Katako mai santsi kishiyar roba ne: riga tana zamewa a kansa, ba ya cin fata, kuma idan an sassaƙa shi daidai da hannu yana baza bugu fiye da yadda ake zato. Rauninsa jiƙaƙƙen hannu. Gumi, ruwan sama ko jini suna mai da shi abin da ba ya riƙuwa, kuma yana tsagewa a wajen ramin sukuru idan an ɗaure da yawa. G10, wanda ake yi da zanen zaren gilashi da aka matse da danƙo mai tauri, ba ya shan ruwa, ba ya kumbura, ba ya tsagewa da sauƙi, kuma ana iya yi masa siriri da zane kowane iri. Micarta ɗan'uwansa ne, da yadi ko takarda a madadin gilashi, yakan fi shi daɗin taɓawa. Babu ɗayansu da ke shanye bugu ko kaɗan. Aikinsu hana motsi. Ga bindigar milimita 9 mai matsakaicin nauyi wannan ya wadatar, kuma a nan ne nake ganin G10 mai matsakaicin kaushi ya fi sauran dacewa da wanda zai ɓoye.

Maganar kaushi tana bukatar a tsaya a kanta, don nan ake yawan kuskure. Bindiga ba gefe take bugu ba, baya take yi tana ɗaga baki. Saboda haka kaushin da ke aiki na gaba ne da na baya, da kuma saman gefen da tudun hannu na biyu ke dannawa. Matsalar ita ce, ga mai amfani da hannun dama, wannan gefen na hagu shi ne dai ke goga da ciki ko kwiɓi duk yini. Kaushi mai kaifi a nan yana kurje fata cikin sa'o'i kaɗan, yana huda singileti, daga ƙarshe mutum ya gaji ya bar bindigar a gida. Maganin yana da sauƙi idan mariƙin G10 ne ko katako: a cire shi daga jikin bindiga, a ɗauki samfefa mai lamba 400, a bi kan ƙusoshin zanen sau kaɗan a kashe musu kaifi ba tare da an shafe ramukan ba, a gwada a bayan hannu, a ƙara idan da bukata. A jiƙa samfefar da ruwa, a rufe hanci, domin ƙurar G10 ba ta da kyau ga huhu. Ko kuma a zaɓi kube mai dogon harshe da ke shiga tsakanin bindiga da fata.

Yawancin bindigogin zamani masu jikin filastik ba su da ɓangaren gefe da ake kwancewa, don haka hanyoyin gyara su daban ne. Mafi sauƙi tef mai manne da aka yanka daidai ƙirar bindigar, irin na kamfanin Talon, mai fuskar roba ko mai fuskar yashi. Kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, ana kuma iya ɓare shi. Yana ɓarewa da kansa ne idan ba a wanke maiƙo ba kafin a manna: a goge da sifirit, a bari ya bushe, a manna, a ɗumama da na'urar busar da gashi, a danna ko'ina da yatsa. Mai fuskar yashi ya fi riƙo amma yana cin tufa, don haka wasu sukan sa shi a gaba da baya kawai. Akwai safar roba da ake zura wa mariƙi. Tana cika hannun mai babban tafi, amma tana juyawa da zafi da gumi, kuma idan ta zame sama tana iya danne maɓallin sakin gidan harsashi, idan ta zame ƙasa ta tare bakin ramin. Sai kuma zanen da ake yi wa filastik da ƙarfe mai zafi. Wannan ba ya gyaruwa idan an ɓata, yana iya raunana jikin bindigar idan an zurfafa, yakan kuma soke garanti. A bar wa gwani, kuma sai bayan tef ya nuna wuraren da ake bukatar kaushin. Bindigogi irin SIG P320 da P365 sun sauƙaƙa lamarin, tunda ana zare injin kunamar gaba ɗaya a sa shi a wani jikin mai tsawo ko kauri daban, inda dokar ƙasa ta yarda.

Ramukan yatsu da ake yi a gaban mariƙi suna da daɗi ga wanda aka auna hannunsa, ga sauran kuwa suna tilasta yatsu su hau kan tudu. Glock da kanta ta cire su a ƙirarta ta biyar a 2017.

Ƙaramar libarba ita ce inda wannan ciniki ya fi tsanani. Ƙirar J ta Smith & Wesson, wadda ta fara fitowa a 1950, yawanci tana ɗaukar harsashi biyar, kuma samfurinta na alminiyam irin 642 bai kai rabin kilo ba. Mariƙin da aka fi sa mata don ɓoyewa shi ne gajeren nan da mai sassaƙa mariƙi Craig Spegel ya shahara da shi: yana ƙarewa daidai gindin ƙarfe, yana barin bayan a buɗe, yatsu biyu kawai ke samun wuri. Amfaninsa na gaske yana gaba, inda yake cike gurbin da ke bayan zoben kunama, wurin da ke bugun ƙashin yatsan tsakiya a tsohon siririn mariƙi. A aljihu ko a idon sawu babu kamarsa. Amma da harsashi mai ƙarin ƙarfi, ƙarfen bayan nan yana shiga hannu kai tsaye, kuma mutumin da ke jin zafi yakan fara runtse ido yana danna baki ƙasa kafin harbi ya tashi. Mariƙi mai rufe baya, gajere, yana magance yawancin wannan, sai dai yana ƙara nisan kunama da 'yan milimitoci, abin da ke taimakon mai babban hannu yana cutar mai ƙarami. Mai ɗauka a kugu yana iya zuwa ga mariƙin da yatsu uku ke samun wuri ba tare da asara mai yawa ba. Kowane aka zaɓa, a gwada shi da na'urar zuba harsasai lokaci ɗaya, domin idan ɓangaren hagu ya yi kauri a sama, na'urar ba za ta daidaita da ramuka ba, wani lokaci ma ƙwanson da aka harba ya maƙale a jikin robar wajen fitarwa.

Ga bindigogi masu ɓangaren gefe da sukuru, irin 1911, Beretta 92 da SIG P226, ɗaurawar kanta tana da tarko. Sukurun da ya yi tsawo yana leƙawa cikin ramin gidan harsashi, ya kurje shi ko ya hana shi faɗowa. A 1911, siririn ɓangare yana bukatar gajeren mazaunin sukuru da gajeren sukuru nasa. Idan aka ɗora shi a kan dogon mazauni zai riƙa lilo komai ɗaurin da aka yi. Idan bindigar tana da makullin tsaro a ɓangarori biyu, sai an sami mariƙin dama mai yanka a sama, in ba haka ba makullin ba zai sauka sosai ba. A ɗaure sukuru da sukudireba da ta cika bakinsa, har ya zauna, a ƙara kaɗan, a tsaya. Ƙaramin zoben roba a ƙarƙashin kansa yana hana shi kwancewa fiye da ƙarfin damtse. Bayan haka a gwada komai da bindiga ba harsashi: makulli, maɓallin sakin gida, faɗowar gidan da kansa, da makullin bayan mariƙi idan akwai, a ga yana dannuwa har ƙarshe da riƙon da aka saba.

Ƙarin gindin gidan harsashi, wanda ke ba ƙaramin yatsa wuri, yana mayar da tsawon da aka guje wa tun farko. Wanda ya sa wa gajerar bindiga irin wannan ƙari ya sani cewa wajen ɓoyewa ya kusa komawa ga babbar, da gajeren bututu kuma. Yana kuma iya matse fatar hannu a mahaɗa lokacin da ake sa gida da sauri. Dabarar da ta fi ma'ana ita ce gajeren gida a cikin bindiga, dogo a ajiye a matsayin na biyu, a kuma yi atisaye da duka biyun.

Kafin a taɓa tsawon mariƙi ma, a duba kube da bel, domin sau da yawa laifin nasu ne. Bel mai laushi yana barin saman bindiga ya kwanta waje. Kube mai ɗan fiffike da ke tokare bel yana juyo gindin mariƙi ya manne da ciki, ɗan matashin soso a ƙasan kube kuma yana turo bakin waje, saman ya shigo. Ga mai ɗauka a bayan kwiɓi, karkata kuben gaba da digiri 10 zuwa 15 yana sa mariƙi ya bi layin baya maimakon ya tsaya a gicciye. Da waɗannan dabarun mutum yakan ɓoye cikakken mariƙin da da zai yanke.

Gwajin ƙarshe a filin atisaye ake yinsa, da harsashin da za a riƙa ɗauka. A tsaya a mita 7, a harba biyar a jere da matsakaicin sauri, a lura ko sai an gyara riƙo a tsakani. Idan hannu na biyu yana rabuwa da bindiga, kaushin saman gefe ya yi kaɗan ko wurin ya yi ƙanƙanta. A maimaita da hannu ɗaya, sannan da jiƙaƙƙen hannu. A bindiga mai sarrafa kanta, idan ƙwanso ya fara maƙalewa a bakin fita da hannu ɗaya alhali ba ya yi da biyu, alama ce jikin bindigar yana ja da baya tare da marfin sama, wato ɓangaren da ke zamewa baya idan an harba, riƙon bai isa ba. Bayan harsashi 50 a duba hannu: jan tabo a wuri ɗaya yana nuna inda bugu ke taruwa, kurji a kwarin babban yatsa kuma yana nuna marfin sama yana cizo, ana bukatar bayan mariƙi mai ɗan wutsiya. Sannan a sa bindigar ba harsashi a kubenta, a sa rigar da aka saba fita da ita, a zauna a kujera, a sunkuya a ɗauki abu a ƙasa, a miƙa hannu sama, wani amintacce yana kallo daga baya da gefe. A sauya abu ɗaya kawai tsakanin gwaji da gwaji, in ba haka ba ba za a san wanne ya yi aiki ba.

Na gode da wannan fili, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Naka,
Mai koyar da harbi da kula da makamai